Tsakuwa uku a haɓar zane: yadda mace ke koyon magana a gaban taro

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk inda wannan takarda ta iso. Wadda ta iya karatu, don Allah ta karanta wa sauran da ƙarfi ranar zubi, domin maganar ta fi shafar wadda ke zama can baya kusa da darni, wadda shekara biyu tana zubi amma ba a jin muryarta sai in an kira sunanta ta ce "ga ni".

Ni ma da haka nake. Yau ina shugabantar ƙungiyarmu, ina kuma zagaya ƙungiyoyin wasu ƙauyuka na kusa da mu a jihar Maradi. In na gama magana a taro, sai wata ta ce mini, "Ai ke baiwa gare ki." Nakan yi dariya, don na san inda na fito. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ko harafi guda ba ta iya karantawa ba, ita ta kama hannuna ta koya mini. Labarinta nake son ba ku, da abin da muka gina a kansa.

Ranar da bakina ya mutu

Duk wadda ta yi wayo a jihar Maradi ba ta manta 2005 ba. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa, fara kuma ta yi ɓarna a wasu yankuna, shekarar da ta biyo sai yunwa. Tiyar hatsi ta yi tsadar da ba mu saba gani ba. Bayan an fita daga wannan hali, wata ƙungiyar agaji ta kawo mana bankin cimaka: aka gina ɗakin ajiya, aka zuba buhunan hatsi, aka ce za a riƙa sayar wa mutanen gari da rahusa a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna ke yin ƙasa. Aka sa ranar taron gari don a zaɓi kwamiti, a kuma tsai da yadda za a sayar.

Mu mata 28 ne a ƙungiyarmu lokacin. Muka zauna muka tsai da abu biyu. Na farko, a riƙa sayarwa da tiya, domin mace mai dala ɗari a haɓar zane ba ta iya sayen buhu. Na biyu, a sa mata a cikin kwamiti. Aka ce ni zan faɗa, tunda ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ni ce mai karatu. Na rubuta komi a takarda, na yi kwana uku ina bita.

Ranar taro maza suna gaba bisa tabarmi a ƙofar mai gari, mu muna baya. Da aka kusa tashi, baƙon da ya zo ya ce, "Mata fa, akwai magana?" Na miƙe. Takarda ta kama rawa a hannuna. Na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan surukina yana zaune a sahun gaba. Na yi sallama, aka amsa. Daga nan ban ƙara ganin rubutun ba, maƙogwarona ya bushe ƙayau. Wani daga cikin maza ya ce, "A bar su, kumya suke ji," aka yi dariya. Na ce, "Mun gode, Allah shi saka da alheri," na zauna.

Aka rubuta kwamiti na maza zalla, aka ce sayarwa da buhu ko rabin buhu. Da damina ta yi tsaka, masu kuɗin buhu suka kwashe, ɗakin ajiya ya zama wayam tun ba a je ko'ina ba. Masu kuɗin tiya suka koma kasuwa da tsadarta. Maƙwabciyata ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo. Mata huɗu a ƙungiyarmu suka ci bashin asusu suka sayi abinci da shi, suka kasa biya kan lokaci, rabon ƙarshen shekara ya ragu wa kowa. Ba wadda ta zage ni, amma na yi mako biyar ban je zubi ba, ina aika kuɗina ta hannun yarinya.

Gwaggo mai ƙuli-ƙuli

A mako na shida sai ga Gwaggo a gidanmu. Ba dangin jini muke ba, kowa a unguwa Gwaggo yake ce mata. Tana cikin matan farko da suka kafa ƙungiyarmu, kuma shekara da shekaru tana cin kasuwannin ƙauye da ƙuli-ƙuli da man gujiya. Na ɗauka ta zo ba ni haƙuri. Ta zauna ta sha ruwa, ta ce:

"Ɗiyata, laihinmu na. Mun aike ki rijiya ba mu ba ki guga ba. Gobe in kin gama aikin sahe ki taho ki kama mini matsar mai."

Na je. Muna murza tunkuza ta ce, "To, hwaɗa mini abin da kinka so hwaɗi ran nan." Na ce takardar tana gida. Ta ce, "Yunwar a takarda kinka ji ta? Hwaɗi da bakinki." Na fara, na yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar hatsi zuwa ciwon yara zuwa halin maza. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta duƙa ta tsinci tsakuwa uku ta sa mini a tafin hannu.

Ta ce tsakuwa ta farko ita ce abin da ya faru. Ta biyu, abin da ya jawo mana. Ta uku, abin da muke so a yi. In na gama ɗaya in mayar da ita ɗaya hannun, in tsakuwa ta ƙare in yi godiya in zauna. "Mai dogon zance," in ji ta, "sai a tuna da tsawon zancenta a mance da buƙatarta."

Wata huɗu ina zuwa wurinta, sau biyu a mako. Ga abin da na samu a hannunta, kamar yadda ta ba ni.

Gaisuwa tana da jeri: mai gari, liman, dattawa, baƙi, sannan sauran jama'a. Ta ce gaisuwa tana da amfani biyu. Tana nuna ke ɗiyar mutunci ce, kuma tana ba muryarki lokaci ta zauna, domin magana ce da kika riga kika sani, ba ta buƙatar tunani.

Ki zo da lissafi. In kin ce "mata suna wahala", kowa zai gyaɗa kai a wuce. In kin ce "mata huɗu sun kasa biyan bashi, gida goma sha ɗaya sun sayar da dabba", sai a yi shiru. Ta sa na bi gida-gida na ƙirga da kaina, ta ce kada in faɗi adadin da ban ƙirga ba, domin in aka kama ni da ƙari sau ɗaya, an gama yarda da ni.

Kada ki kunyata namiji a gaban jama'a, ko da shi ne mai laifi. Ki faɗi abin da ya faru, ki bar sunan mutum. Magana zarar bunu ce, kuma gobe kuna gari ɗaya.

Taro ana cin sa tun kafin a zauna. Ta ce in fara gaya wa maigidana abin da zan faɗa, kada ya ji shi a bakin mutane. Ita kuma da kanta ta je ta gai da uwargidan mai gari, ta je ta gai da surukina da ƙuli-ƙuli a ƙwarya, ta ce masa ƙungiya ce ta aiki surukarsa, kuma za ta yi magana da ladabi.

Game da jiki kuwa, ta ce in dasa ƙafafuna biyu a ƙasa kamar mai shirin ɗaukar tulu, in ja numfashi kafin sallama, in nemi fuska guda da ke so na in yi kamar da ita nake magana.

Ba ta kai ni gaban maza kai tsaye ba. Na fara yi a gabanta ita kaɗai. Daga nan a gaban mata biyar masu taya ta aiki. Daga nan ranar zubi a gaban ƙungiya. Daga nan ta ɗauke ni ranar kasuwa zuwa wata ƙungiya a wani ƙauye inda ba wadda ta san ni. Kowane karo, a hanyar komawa gida, takan gaya mini abu ɗaya da na yi daidai, da abu ɗaya da zan gyara. Ba ta taɓa wuce ɗaya ba, kuma ba ta taɓa gyara mini a gaban mutane ba.

Da aka sake taron bankin cimaka bayan kaka, aka sake aike na. Gwaggo ta zauna a gefen da zan iya ganin ta. Ƙafafuna sun yi rawa kamar wancan karo, wallahi ba su daina ba. Na kwance haɓar zane na ɗauki tsakuwata. A tsakiyar ta biyu magana ta ɓace mini. Na dubi Gwaggo. Ba ta ce uffan ba, ta dai gyaɗa kai. Na ja numfashi, maganar ta dawo.

Ba duk abin da muka nema aka ba mu ba. Mun nemi mata uku a kwamiti, aka ba mu biyu. Mun nemi sayarwa da tiya kullum, aka ce kwana biyu a mako. Amma makulli ɗaya na ɗakin ajiya ya shigo hannun mace, kuma a daminar da ta biyo, mai dala ɗari ta samu abin da za ta daka.

Kujera ba ta magana

Ƴan uwa, ku duba inda muka fito. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, da akwati da zubin mako-mako, kuma daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta. A wannan shekarar dai, ranar 13 ga watan Mayu, mata suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace guda kaɗai aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har sai da aka ƙara yawan mata a ciki. Shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka kafa dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan muƙaman naɗi. A 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa kashi 15, a 2019 kuma zuwa kashi 25, na naɗi kashi 30. Tun zaɓen majalisun gundumomi na 2004, matan asusu suka fara shiga majalisa. Ko a gargajiyarmu ma mace mai faɗa a ji ba baƙuwa ba ce: akwai Iya a fadar Maradi, akwai Inna a Tsibirin Gobir.

To, kujeru an samu. Yau da wuya a kafa kwamitin fanfo, ko na likita, ko na lakwal, ba a ce a sa mata ba. Amma sau nawa kuka ga an sa sunan mace a kwamiti, ta je ta zauna, ta dangwala yatsa a takarda, ta dawo? In kin tambaye ta abin da aka yanke, ta ce "sun dai yi magana". Wannan ba laifinta ba ne. Irin aiken da aka yi mini ne a karon farko.

Ana kiran mu horo a birni, kwana biyu ko uku, a koya mana shugabanci da magana a gaban jama'a. Na je da yawa, na kuma ƙaru, ba na raina su. Sai dai mai horon yana komawa gidansa. Ranar da za ki tsaya gaban surukinki, ba ya nan. Bai san wane dattijo ne ba ya son a katse shi ba, bai san maigidanki sai an lallaɓa shi ba. Wadda ta san wannan tana cikin unguwarku, wataƙila ma kusa da ke take zama ranar zubi.

A wani horo na ji labarin wata ƙungiya ta koyon magana mai suna Toastmasters, wadda wani mutum Ralph Smedley ya kafa a Amurka a 1924, yau tana da rassa a ƙasashe da yawa. Abin da ya ba ni mamaki, su ma da iliminsu da takardunsu, sabon shiga sai sun haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa bi da shi. Jawabinsa na farko na minti huɗu zuwa shida ne, a kan kansa kawai. Akwai mai duba lokaci, akwai mai tashi bayan an gama ya faɗi abin da ya yi kyau da abin gyara. Na ce a raina, ashe Gwaggo ba ta ɓata ba. A nan gida kuma, garuruwa da dama suna da kulob na Dimitra da hukumar FAO ta tallafa, inda mata ke zama daban, maza daban, matasa daban, kowa ya tattauna matsalar gari, sannan a kawo gaban mai gari da jama'a. Hikimar ɗaya ce: a fara buɗe baki a inda ba a jin tsoro.

Zaman magana a ƙungiyarmu

Shekaru ke nan muna yin abin da muke kira zaman magana. Bayan an ƙirga kuɗi an kulle akwati, ba ma tashi nan take, mukan ƙara rabin awa. Mata biyu ke magana kowane mako, bi da bi, har a zagaye kowa, kamar yadda ake zagaye da bashi. Kowace minti uku. Wadda ke da salula ita ke duba lokaci, in ya cika ta ƙwanƙwasa murfin kwano.

Magana ta farko mai sauƙi ce: sunanki, sana'arki, abin da kika yi da bashinki na farko. Ta biyu, ki koya mana wani abu da kika iya, ko yin sabulu ne ko kiwon rago. Ta uku, ki kawo wata matsala ta gari da tsakuwa uku. Ta huɗu ita ce mai wuya: wasu daga cikinmu su zama maza, ɗaya mai gari, ɗaya mai katse zance, ɗaya mai dariya, ke kuma ki kai maganarki ƙarshe. Ana shan dariya a wannan, amma wadda ta wuce shi, taron gaske ba ya firgita ta sosai.

Ginshiƙin abin shi ne, kowace sabuwa muna ba ta uwar magana. Ita ke sauraren ta a gida kafin ranar, ita ke zama inda za ta gan ta, ita ke raka ta gida ta gaya mata ɗaya mai kyau da ɗaya na gyara. In ɗiyar magana za ta wakilce mu a wani taro, uwar ce ke zuwa ta gai da maigidanta ko uwar mijinta tun da wuri. Ba a biyan uwar magana ko dala. Tarar da muka sa guda ce: wadda ta yi wa mai koyo dariyar raini, ko ta fitar da abin da aka faɗa a zaman zuwa bakin rijiya, ta zuba dala ashirin a akwati.

Kuskuren da na yi

Kada ku ɗauka wadda aka koya wa ta iya koyarwa nan da nan. Shekara huɗu da suka wuce aka ba ni wata yarinya, ba ta fi shekara 22 ba, mai hankali, mai riƙe lissafi. Ƙungiya ta aike ta taron kwamitin fanfo, domin fanfonmu ya yi wata biyu a lalace alhali kowace mace tana biyan kuɗin ruwa. Mun shirya sosai. Ta yi gaisuwa daidai, ta gama tsakuwa ta farko. A ta biyu ta tsaya. Shirun bai fi na ɗan numfashi biyu ba, amma ni sai na ji kamar ranar bankin cimaka ce ta dawo. Na miƙe na ce, "Abin da take son cewa shi ne…" na ƙarasa mata. Aka saurare ni, aka gyara fanfo cikin mako biyu, na koma gida ina jin daɗi.

Yarinya ta daina zuwa wurina. Da na matsa mata, ta ce, "Mama, ai maganar tana bakina, numfashi nike ja kamar yadda kinka ce. Yanzu duk gari sun san ban iya ba sai ke."

Na tafi wurin Gwaggo, lokacin ta tsufa ƙwarai, ba ta fita. Na ba ta labari ina neman ta goyi bayana, tunda dai an gyara fanfo. Ta ce, "Ran da kinka tsaya a tsakiyar magana, kin san abin da ni ji? Kamar in tashi in amshe. Na danne zanena da hannu biyu. Da na tashi, da yau ba ke ba ce shugaba." Ta ce fanfo zai sake lalacewa, kuma ranar ba lalle ina nan ba.

Na je gidan yarinyar na ba ta haƙuri, na sake ba ta haƙuri a gaban ƙungiya, tunda a gaban jama'a na yi mata. Sai da aka yi wata uku kafin ta yarda ta sake tsayawa. Na yi mata alkawari ko za ta yi shiru har rana ta faɗi, ba zan buɗe baki ba. Yau ita ce ma'ajin kwamitin fanfo, kuma bara da gidan rediyon yankinmu ya nemi mace ta yi bayanin asusu, ita muka tura. Na saurare ta a tsakar gida ina tankaɗe.

Abin kiyayewa wajen haɗa uwa da ɗiya

Mun yi tuntuɓe kafin mu gane waɗannan. Kada a haɗa mace da kishiyarta, ko da uwar mijinta, ko da wadda ke bin ta bashi, domin ba za ta saki jiki ta yi kuskure a gabansu ba. A bar sabuwa ta faɗi wadda take so, a asirce, ga shugaba. Ba dole uwar magana ta iya karatu ba, kuma ba dole ta zama wadda ta fi kowa baki ba. Sau da yawa mai yawan magana ba ta iya saurare. Ku nemi mai haƙuri, mai riƙe sirri, wadda ake ganin girmanta a gidajen mutane.

Ɗiyar magana ba ƴar aike ba ce. Gwaggo ta sa ni matsar mai don hannu in yana aiki baki ya fi sakewa, kuma kullum sai ta ba ni ƙuli-ƙuli na kai gida. In uwa ta mayar da ɗiya mai yi mata wanki da ɗiban ruwa, shugaba ta raba su. Haka kuma a sa wa abin iyaka. Mu wata shida muke yi, daga nan ɗiya ta tsaya da ƙafarta, bayan shekara ita ma a ba ta wata.

Sannan uwa ta shirya wa ranar da ɗiyarta za ta fi ta. Wannan yana da ɗaci, kada mu ɓoye. Ranar da aka ce yarinyar nan za a tura rediyo ba ni ba, na ji wani abu a ƙirjina. Na tuna shekarata ashirin ina wannan aiki. Amma da na ji muryarta tana jera bayani tsaf, ɗaya, biyu, uku, na san daga inda jerin ya fito.

Roƙona gare ku

Gwaggo ta rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. A ƙungiyarmu yanzu mata tara ne ke iya tsayawa gaban taron gari su kai saƙo, kuma in aka bi sawu, kowace daga hannunta ta fito, ko daga hannun wadda ta koya wa.

A zubinku na gaba, bayan an kulle akwati, shugaba ta tambaya: in gobe aka kira taron gari a kan ruwa, ko filin lambu, ko takin zamani, mu nawa ne za mu iya tashi mu yi magana? In amsar ɗaya ce ko biyu, to ku sani ranar da ɗayar ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo, ƙungiyarku ba ta da baki. Ku zaɓi mata biyu da ba su taɓa magana ba, ku ba kowace uwa, ku sa musu rana nan da mako uku. Ba ya cin kuɗi, tsakuwa kuma tana ko'ina.

Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko wa wannan takarda da labarin yadda ta kaya, mai daɗi da marar daɗi, mu ƙaru da juna. Ina gai da shugabanni da ma'aji da masu makulli, da masu zama kusa da darni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a asusunmu.